Tukwanen da Suka Ƙi Yin Gumi

Samarin yanzu in sun gan ni a durƙushe ina auna gangaren fili, sai su riƙa taɓa juna suna ƙunshe dariya. Wani mai ƙarfin hali a cikinsu ya taɓa ce mini, "Baba, wannan ma har sana'a ce? A ɗora tanki a sama, a jawo tiyo ƙasa, ruwa ya zubo. Ina abin auno a nan?" Ban ji haushinsa ba. Kun taso kun tarar da tankin roba da injin ban-ruwa, shi ya sa kuke ganin ruwa bawa ne, inda aka nuna masa nan zai bi. Ni kuwa na yi masa hidima tun ina saurayi har gemuna ya yi fari, kuma har gobe ban daina mamakinsa ba.

Na shiga hannun maigidana Malam Buba ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba. Magini ne, mutumin Gwaram, daga cikin Fulanin nan da suka daɗe da zama gari har Fillancin ya gudu ya bar su, sai in ransa ya ɓaci 'yan kalmomi su dawo masa. Ba ginin ɗaki ya fi shahara da shi ba. Abin da yake ginawa shi ne abin da mutane suka raɗa wa suna rumbun ruwa. Wani babban rami ne da ake ɗaure shi da dutse da siminti a gindin falalen dutse, ruwan saman da ya gangaro ya taru a ciki, a rufe, da rani a yi lambu da shi. Ƙasarmu daga Birnin Kudu har Gwaram ta duwatsu ce. Wanda Allah ya ba fadama ya kafa jigo ya ja ruwa. Wanda gonarsa ke jikin dutse kuwa, in ya kira mahaƙa rijiya ba sa nisa digarsu take fara fitar da wuta, su tattara kayansu su ba shi haƙuri.

Aikin farko da Malam ya ba ni shi ne tsayuwa a cikin ruwan sama. Na zo da zumuɗin riƙe cokalin gini, sai ga ni a kan dutse a bayan Birnin Kudu, hadari ya haɗo, kowa yana gudu gida, mu muna hawa. Ya ce, "Garba, buɗe idonka. Ka ga inda yake haɗuwa, ka ga inda yake rabuwa." Ina rawar ɗari ina tsine wa sana'ar a raina, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Dutsen da nake ɗauka shafaffe ne ashe cike yake da hanyoyi. Ruwa ya fito ta ko'ina siri-siri, wannan ya faɗa wa wancan, kafin a jima sun zama ƙorama mai ƙugi tana dukan ƙaurina. Duk wannan ruwa haka yake zubewa a banza kowace shekara, a gaban mutanen da za su yi rani suna kallon gonarsu ƙeƙasasshiya. Tun daga ranar na daina ganin dutse a matsayin dutse kawai.

Saboda haka Malam ba ya karɓar aiki ya fara a shekarar. Sai ya ga damina guda a kan dutsenka da idonsa, sannan ya gina da rani, damina ta biyu ta cika. Masu gaggawa da yawa sun yi fushi sun tafi, musamman da kuɗin mai ya shigo ƙasa, siminti ya wadata, kowa yana son a gama masa abu jiya. Kayan aikinmu ba su da yawa: diga, cebur, guduma, kwanon sarki, igiya, da doguwar gora mai tsage-tsage ta auna zurfin ruwa. Wurin auna gangare kuwa tasa muke cikawa da ruwa mu ɗora a kan katako, mu ga ta ina ya karkata. Daga baya aka kawo masa farin tiyo daga Kano, irin wanda ake ganin cikinsa. Ranar da muka fara cika shi, ni ina wannan baki shi yana wancan, tudu a tsakaninmu ba ma ganin ƙafafun juna, amma ruwan ya tsaya daidai wa daida a bakin nan biyu. Na ɗaga nawa, ya gyara zama. Na sauke, ya sake gyarawa. Malam ya ce, "Subhanallahi. Wa ya gaya wa na wurinka inda na wurina yake?"

Abin da ba ku sani ba, ginin shi ne mai sauƙi. Ka ja ɗan gajeren bango a kan dutse ya tattaro ruwa, ka yi ƙaramin rami a gaba inda laka za ta kwanta, ka rufe rumbun da azara da kwano, ka fitar da bututu ta ƙasa, lambu kuma ya zauna a gangare don ruwa ya je da ƙafarsa. Wannan kowane magini zai iya. Sana'ar tana wurin yanka lambu. In damina ta ɗauke, sai a zura gora a ga abin da Allah ya bayar. A cire kason rana, don ko ka rufe sai ta sha nata. A cire kason ƙasa, don babu simintin da ba ya ɗan sata. A cire na shan gida da na baƙon da zai zo da ƙishi. Abin da ya rage shi zai faɗi yawan komayen da za a yanka, wato 'yan gadajen shuka da ake sakar wa ruwa. Manomi kullum fili yake kallo, ya ce ai ga wuri nan. Mu kuwa gora muke kallo, kuma rigimarmu da masu lambu kusan duk a nan take.

Aikin da ba na mantawa shi ne na Baba Iro, a wani ƙauye gaba da Basirka. Dattijo ne da idonsa ya fara rauni, gonarsa tana kwance a gindin wani ƙaton dutse. 'Ya'yansa manya sun bi motar Kano da ta Ikko, inda ake ta gine-gine ana neman lebura, kuma babu wanda ya dawo da zama. Saura ƙaramin, saurayi mai ji da ƙarfi, kowa Auta yake ce masa. Shi ma yayansa ya aiko cewa ya samar masa wuri a Kano. Baba Iro bai ɓoye mana komai ba.

"Malam Buba," in ji shi, "yaron nan ba ƙin mu yake ba. Zaman rani ne ba ya iyawa, a wuni ana kallon juna a gindin bishiya. Ya yi mini alkawari zai tsaya ya ga lambu guda. In ya yi kyau, wataƙila ya zauna. In bai yi ba, ba ni da bakin tsare shi. In kuwa ya tafi, ni da tsohuwar nan sai dai maƙwabta su noma mana."

Muka kalli damina guda a kan dutsensa, muka gina da rani, Auta yana fasa dutse kamar ba ya gajiya. Sai daminar da za ta cika rumbun ta zamo ta shekarar farin nan da manyanku ke ba ku labari. Hadari ya haɗo ya yi baƙi, mu hau dutse muna jira, iska ta zo ta watsa shi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Shanu suka riƙa wucewa kudu, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Da kaka ta yi, in ma za a kira ta kaka, Malam ya zura gora a rumbun Baba Iro, ya zaro, ya daɗe yana kallonta. Jiƙon bai kai rabi ba.

Ya zauna ya yi ta zane a ƙasa da tsinke yana gogewa. Ko ya yanka komaye kaɗan, in dai sakin ruwa za a yi irin na kullum, rumbun zai ƙafe tumatir yana fure. Auta yana tsaye ya harɗe hannu, ya ce, "Malam, faɗi gaskiya kawai. In ba zai yiwu ba, mota tana tashi ran kasuwa."

"Zai yiwu," in ji Malam, "amma ba za mu shayar da ƙasa ba. Shukar za mu shayar."

Dabarar da ya zo da ita ya ce a wurin wani tsoho ya taɓa gani can arewa. Sabuwar tukunyar ƙasa tana naso, ruwa yana tsattsafowa ta jikinta a hankali. In ka binne ta iya wuya, ka cika, ka rufe bakin, ka dasa tumatir da barkono kewaye da ita, rana ba ta ganin ruwan balle ta sha. Muka je kasuwar Gwaram, Malam ya bi sababbin tukwane ɗaya bayan ɗaya yana zuba ruwa yana shafa bayansu. Wadda ta yi gumi ya ware, har masu tukwane suna ce masa bai san kaya ba. Muka ɗora wa jakuna, muka aika gidan Baba Iro da saƙon cewa ga tukwane nan a ajiye mana, za mu ƙarasa wani aiki a Maruta mu zo.

Da muka dawo muka tarar da su a jere a zaure, an goge su tas. Muka binne, muka cika, muka kwaso dashe daga ɗan komin reno muka dasa, aka ba su ruwan farko da hannu. Bayan 'yan kwanaki Malam ya ɗaga murfin wata ya leƙa, ya washe baki.

"Garba, zo ka ga ikon Allah! Ko ɗan yatsa bai ragu ba. A haka ai har shekara sai mu kai."

Muka yi ta murna kamar wawaye. Kashegari ganye ya fara sunkuyawa. Wanshekare kuma da hantsi ma bai ɗago ba. Na tona gefen wata tukunya da hannu, ƙasar ta zubo kamar toka, jikin tukunyar a bushe ƙamas, ga ta kuma cike da ruwa har wuya. Shuka tana mutuwa da ƙishi tana jingine da ruwa. Malam ya zagaya, ya tona wata, ya tona wata, Fillancin nan nasa ya dawo masa gaba ɗaya. Auta ne ya durƙusa ya sa hanci a bakin ɗaya, ya ɗago a hankali.

"Malam, wannan ai ƙamshin ƙasari ne."

Ƙasari shi ne ruwan wankin gero. Kowace mace a ƙasar nan ta san ba a girki da sabuwar tukunya sai an tafasa ƙasari da dusa a cikinta, ya toshe ƙofofin jikinta. Mu maza kuwa duk abin da aka gina da yumɓu tukunya ne a wurinmu, ba mu taɓa tambayar abin da ake yi mata kafin tuwo ya iso gabanmu ba.

Ana cikin haka sai ga Inna Kande, matar Baba Iro, ta kawo mana fura da kanta, don tsohuwa ce, ba ta da shamaki da lambu. Ta ga fuskokinmu ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Malam ya danne zuciyarsa ya ce, "Inna, tukwanen nan, an yi musu wani abu ne?"

"An gyara su mana," in ji ta, da alfaharinta. "Kun aiko da ɗanyun tukwane duk suna yoyo, na ce bayin Allah maza ne, an cuce su a kasuwa. Na tara matan unguwa, muka yi ta tafasa. A shekarar nan da ko dusa ta zama abinci, kowa ta kawo tata. Ko ɗaya ba za ta ƙara ɗiga ba, na rantse maka."

Malam ya dafe kai. Can ya ce, "Inna, ɗigar muke so. So muke su yi gumi."

"Tukunya ta yi gumi?" Ta ajiye ƙwaryar furar. "Tukunyar da ke gumi ai kashe wuta take yi, Malam. Abin da ke gumi tulu ne, ko randa, shi ya sa ruwansu ke sanyi. Tulu kuke nema kuka ce tukunya? Da kun faɗa!"

Ta kalli dashen da ya kwanta, ta kalli ɗanta. Ta san abin da ke rataye a jikin ganyen nan fiye da mu duka. Komawa kasuwa ba ta da amfani, don kududdufai sun ƙafe, masu ginin tukwane ba su da ruwan kwaɓa yumɓu, abin da muka kwaso shi ne kusan na ƙarshe. Mun gwada kankare cikin wata da dutse, a banza, ƙasarin ya riga ya shige jikinta. Muna ɗan ɗiga wa dashen ruwa da moɗa don kada ya ƙarasa, amma kowa ya san hakan ba zai kai mu ko'ina ba.

Inna Kande ta juya gida. Jim kaɗan sai ga ta tana mirgino randarta, wadda aka kawo ta da ita gidan miji, baƙa, gindinta ya yi kore don daɗewa a jiƙe. Ta ce, "Auta, tona." Daga nan ta shiga gida-gida. Ban san abin da ta gaya musu ba, amma kafin la'asar mata da 'yan mata suna ta fitowa, kowace da tulu a ka. Wata tsohuwa ta dire nata ta ce, "Ga shi nan. Mu da muka toshe, mu za mu buɗe." Muka tone tukwanen da aka gyara, kowace mace ta ɗauki ɗaya a madadin tulunta.

Ku da kuka saba da firji ba za ku gane girman wannan kyauta ba. Bazara ce ke tafe, ta shekarar fari, lokacin da ruwan randa mai sanyi shi ne kaɗai daɗin da ya rage wa talaka. Unguwa guda ta yarda ta sha ruwa mai ɗumi daga tukunyar girki da garwar kananzir, don ɗan wani ya zauna a gida.

Kwana biyu da binne tulunan na je da sassafe na tona gefen randar Inna. Ƙasar ta yi sanyi, ta yi duhu, tana dunƙuluwa a hannu, iya tafin hannu kewaye da randar, ba ta wuce nan ba. Wasu dashen sun riga sun tafi, amma mafi yawa suka ɗago kai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda tulun yake sanin lokaci. Ranar da aka yi zafi ƙwarai ruwan ya ragu da yawa, ranar da gari ya yi lumshi ya ragu kaɗan. Babu mai buɗewa, babu mai rufewa. Shukar ke ja gwargwadon ƙishinta, yumɓun yana ba ta. Na yi shekaru ina yanka hanyar ruwa da fartanya ina ganin ni gwani ne, sai ga ƙasar da aka gasa a wuta ta fi ni iya rabo.

Auta ne ke cika tulunan da garwa, shi ke zura gora. Mukan leƙo daga Gwaram mu duba. Tsagar gorar tana sauka a hankali, zafi yana ƙaruwa, duniya duk ta yi fari fat, amma a gindin dutsen nan akwai wasu dunƙule-dunƙulen kore da mutane ke tahowa daga wasu ƙauyuka don su gani kawai. Tumatir ya nuna a lokacin da babu ko ɗaya a kasuwar Gwaram. Kafin a kai ko kwando guda kasuwa, Inna Kande ta sa aka zagaya da shi duk gidan da ya ba da tulu. Ranar da aka tsinke na ƙarshe, ruwan da ya rage a rumbun bai rufe idon sawu ba.

Alkawari ya cika ke nan. Auta ya ga lambu guda, kuma yayansa ya sake aiko da saƙo cewa wurin ba zai jira har abada ba. Baba Iro bai tambaye shi ba, Inna ma ba ta tambaya ba. Ran jajiberin kasuwa, wato gobe mota za ta tashi, ya ce bari ya tone tulunan mutane ya mayar musu, kada ya bar bashin kaya a bayansa. Da na ji haka sai na ce a raina shi ke nan, tafiya zai yi.

Ya fara da randar uwarsa. Ya tona kewaye, ya kama wuyanta ya ja, ta ƙi. Ya ƙara tonawa, muka sa hannu mu uku, sannan ta taso. Abin da muka gani ya sa duk muka saki baki. Saiwoyi farare sirara sun lulluɓe ta tun daga wuya har gindi, sun saƙu da juna kamar faifai, ko yumɓun ba a gani. Babu saiwa ɗaya da ta yi wani wajen. A cikin duhun ƙasa, ba ido ba kunne, duk sun san inda ruwa yake sun tafi sun rungume shi. Malam ya cire hularsa yana ta tasbihi. Baba Iro da ba ya gani sosai ya matso ya shafa da tafin hannunsa, ya daɗe bai ɗauke ba.

Auta ya zauna a ƙasa, randar tana tsakanin ƙafafunsa. Ya jima yana kallonta, sannan ya ɗaga kai ya dubi dutsen.

"Malam," ya ce, "ruwan da ke zubewa ta bayan dutsen can, in aka ja masa bango, zai zagayo ya shigo rumbun?"

"Sai mun tsaya a kai mun gani da damina," in ji Malam.

"To in hadari ya haɗo a kira ni. Ni zan hau."

Auta ya sunkuya zai fara yaye saiwoyin daga jikin randar don ya wanke wa uwarsa, sai Inna Kande ta riƙe masa hannu.

"Mayar da ita inda ka ɗauko ta, Auta," in ji ta. "Ni na yi ta riƙonka da baki ban iya ba. Ita ta riƙe ka ba ta ce komai ba. Zan sha mai ɗumin."